Ɗan Farina Mai Tseren Keke

Shekara talatin da biyar ke nan da na haifi ɗana na fari, kuma har yau bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Ba faɗa muka yi ba. Haka aka raine ni a Maraɗi, haka aka raini uwata: mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. In an yabe shi a gabanta ma kau da kai take yi, ta ce bari ta duba tukunya. Nawa kuma abin ya zo biyu, domin sunan mahaifin maigidana aka sa masa, kuma macen da ta san ciwon kanta ba ta ambaton sunan surukinta. Don haka "kai" nake ce masa, ko "yaron nan", in raina ya ɓaci kuwa "wancan".

A gida wannan ba abin damuwa ba ne, saboda ɗan fari yana da masu shi. Kakarsa ce za ta ɗauke shi tun daga yaye, ta goya shi, ta yi masa kirari da sunansa safe da yamma, ta ce mijinta ne, ta ɓoye masa tsokar nama a ƙasan kwano. Gwaggwanni suna nan, kawunnai suna nan. Uwa tana ja da baya ne don ta ba su wuri. To ni a New York na haife shi, a Bronx, unguwar Morrisania, hawa na biyar, daga ni sai babansu sai bututun ɗumama ɗaki mai ƙwanƙwasa duk hunturu. Na ja da baya kamar yadda aka koya min, ban kula ba cewa babu kowa da zai matso ya cike wurin. Sai da furfura ta fito min na gane rabin al'adar kawai na zo da shi ƙasar nan.

Bayan shekara shida na haifi ƙanwarsa. Ita kam sunanta ya sha kira. Maƙwabciyarmu 'yar zangon Kumasi ta taɓa ce min ko aku aka ajiye a benen nan da tuni ya haddace shi. Ina goya ta, ina yi mata kitso a kan cinyata, ina yi mata waƙa, shi yana zaune a gefe da littafin makaranta yana kallonmu ta saman littafin. Na ga kallon. Na ɗauka in ya girma zai gane.

Babansu teburi yake kafawa a Manhattan, jakunkuna da tabarau da lema in hadari ya haɗo. Kafin ya samu teburin ya yi shekaru yana kai wa mutane abinci a kan keke, kuma tsohon keken nan yana jingine a lungun ƙofarmu, yana kama min zane kullum in na wuce. Yaron yana da shekara goma sha uku ya gyara shi da kansa. Da farko zagaya unguwa yake yi. Daga nan ya fara ɓacewa duk Asabar tun bayan sallar asuba, sai la'asar ya dawo da farin gishiri a goshi, ya ce ya haye babbar gada ya je har bayan gari. Wani dattijo mai horar da matasa ya gan shi yana bin bayan masu kekunan tsada da wannan tsohon ƙarfen, ba su iya yar da shi ba, sai ya biyo shi har gida ya roƙi babansu ya bar shi ya shiga ƙungiyarsu.

Ni ban so ba, kuma ban ɓoye ba. A wurina keke abin talaka ne, abin da mutum yake hawa kafin Allah ya buɗa masa. Mun baro ƙasa, mun sha sanyin da ba mu taɓa mafarkinsa ba, don yaro ya zama likita, shi kuma ya koma kan abin da ubansa ya yi addu'ar rabuwa da shi. Ga wandon nan matsattse da ko a ɗaki ban so in gan shi da shi. Ranar da na tarar da shi a banɗaki yana aske gashin ƙafarsa, na yi salati har maƙwabta suka leƙo. Ya ce wai don in an faɗi a goge ciwo da sauƙi. Na ce to ka ji, sana'ar da tun kafin ka fita kake shirin faɗuwa. Sai kuma ya kawo min sikeli cikin kicin, yana auna shinkafa kamar mai sayar da zinari, yana tsame man da ke saman miyata da cokali. Ni da mata ke yin waya tun daga Staten Island su ce in ajiye musu miyar kuka.

Yana da shekara ashirin da ɗaya wata ƙungiya a Turai ta ɗauke shi, ya zama tseren keke ne aikinsa, da shi yake ci yake sha. A filin jirgi babansu ya dafa kansa ya yi masa addu'a. Shi ya juyo wurina ya buɗe hannuwa irin na yaran ƙasar nan, ni kuma na gyara mayafina na ce, "Ka riƙe sallah." Ya ce, "To, Mama." Ya ɗauki jakarsa ya shiga layi.

Ƙanwarsa ce take nemo min tseren a kwamfuta, ta ajiye a kan firij ina tuƙa tuwo. Ina cewa ni ba kallo nake ba, hayaniyar ce ke ɗebe min kewa. Ƙarya nake yi. Mutum sama da ɗari a dunƙule, duk da hular kwano da tabarau, ana ɗaukar hotonsu daga sama, amma ni ina gane shi. Yana ɗan karkata kafaɗar hagu in ya gaji, haka yake yi tun yana rarrafe.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ban taɓa ganin ya zo na ɗaya ba. Ko na goma. Kullum zan gan shi a gaba tsawon awa biyu, iska tana dukansa, sai an kusa ƙarshe ya kauce gefe wasu su wuce, shi ya shigo can baya shi kaɗai yana lilo. Wata rana na gan shi ya rage gudu ya koma wurin motar ƙungiyarsu, ana miƙo masa gorunan ruwa ta taga yana cusawa a riga, gaba da baya, har ya yi ƙusumbi, sannan ya sake kutsawa cikin taron yana rarraba wa abokansa. Na ajiye muciya na ce, "Yau na ga ikon Allah. Har Turai aka kai shi ya zama ɗan ga-ruwa?"

Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zaunar da ni ta yi min bayani. A kowace ƙungiya mutum ɗaya ake so ya ci. Sauran aikinsu su tare masa iska, domin wanda ke bayan wani ba ya wahala kamar na gaba. Su kawo masa ruwa da abinci, in tayarsa ta fashe su ba shi tasu, su ƙarar da ƙarfinsu kaf don shi ya isa ƙarshe da sauran nasa. Ta ce yayanta yana cikin waɗanda aka fi yarda da su a wannan aikin, manya suna roƙo a sa shi a gabansu. Na ce, "Uhm." Amma a raina wani abu ya kumbura, don na san irin mutumin da ake ba wa wannan amana. Ban gaya masa ba. Da ya yi waya ranar Juma'a na tambaye shi ko yana samun naman halal.

A shekararsa ta shida a can ya faɗi a gangaren wani dutse ana ruwan sama. A gabana aka yi, a kan firij. Na ga rigarsa tana jan ƙasa, na ga keken ya tashi shi kaɗai, sai masu ɗaukar hoton suka wuce da na gaba kamar ba mutum ne ya faɗi ba. Ƙashin kafaɗa ya karye, haƙarƙari biyu, fatar cinya ta ɗaye. Da aka haɗa mu da shi a waya daga asibiti, muryarsa can ƙasa, ya ce, "Mama." Na ce, "Sannu. Allah ya kiyaye gaba. Ga babanku." Na miƙa wayar, na shiga banɗaki, na buɗe famfo don kada a ji ni, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka gaya min rasuwar uwata. Da na fito na wanke fuska na ɗora sanwar dare.

Babansu shi ma ba ya kiran sunan, tunda na mahaifinsa ne, amma ya samo wa kansa hanya. "Babana" yake ce masa, kuma tun yaron yana tseren yara a babban lambun Manhattan yakan tsaya a bakin hanya kafin ya je ya kafa teburi, ya sa yatsu biyu a baki ya yi wani fito mai kaifi da ko a cikin jirgin ƙasa za ka ji. Ni ina ce masa girma ya kama shi yana fito a titi. Ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ciwon zuciya, a kan kujerarsa bayan ya dawo daga masallaci. Yaron ya iso bayan an kai shi. Ya zauna kwana bakwai yana karɓar gaisuwa da Hausarsa mai ɗingishi, ya koma.

Bayan shekara biyu ƙungiyar ba ta sabunta masa kwantiragi ba. Shekaru sun ja, gwiwa ta fara magana, ga yara sababbi masu arha suna tasowa. Ya dawo New York a farkon bazara da kekuna biyu da jaka ɗaya, shekara goma sha biyu na aiki ke nan. Ya rame har ina jin nauyin kallon wuyansa.

Wata ranar Talata da hantsi ina yanka kuɓewa ya shigo kicin ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, abin da bai saba ba. Ya ce akwai tsere a Harlem ranar Lahadi, a kan tituna, ana zagaya wani lambu sau da yawa. Tsofaffin abokansa na ƙungiyar farko sun haɗu sun ce a wannan ranar su za su tare masa iska.

"Mama, wannan shi ne last race ɗina, tserena na ƙarshe. Ban taɓa zama wanda ake yi wa aiki ba. Sai wannan."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a."

"Ina so ki zo."

"Mi za ni yi a wurin? Ni ban san kan abin ba."

Ya karɓe wuƙar daga hannuna ya ajiye. Ya ce in tsaya a kwanar ƙarshe, inda ake shan kwana a miƙe zuwa layin gamawa. Ya ce a irin gudun da suke yi ba a ganin fuska, duk mutane launi ne kawai ke wucewa, amma kunne yana ji. Shekara goma sha biyu yana wuce iyayen wasu suna kiran 'ya'yansu da harsunan da bai sani ba.

"Baba yana fito. Yanzu babu Baba. Ki kira sunana, Mama. Sau ɗaya. I just want to hear it."

Na ce, "Kai, ka san ba a yi."

"Na sani. Ki yi min."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ɗauki wuƙata na ci gaba da yanka, shi kuma ya ɗauki shiruna a matsayin e, don na ji shi yana gaya wa ƙanwarsa a falo da murna.

Kwana huɗu ina gwadawa, Allah shi ne shaidata. In sun fita sai in rufe ƙofa in tsaya gaban tukunya in buɗe baki. Sunan gajere ne, kowane yaro a layinmu yana faɗarsa. Sai in ga fuskar surukina a gabana da rawaninsa, in ji muryar uwata tana cewa wace marar kunya ce wannan. Ranar Asabar na samu ya fito sau ɗaya, a hankali, cikin ƙarar injin markaɗe. Na ji kamar na fita tsakar gida ba zane. Amma na ce tunda ya fito yau, gobe ma zai fito.

Ranar Lahadi na sa leshina mai ruwan goro, muka hau jirgin ƙasa ni da ƙanwarsa. An tare tituna da shingen ƙarfe, an jera dammunan ciyawa a kowace kwana saboda masu faɗuwa. Rana ta take. Muka samu wuri daidai inda ya ce, na riƙe ƙarfen da hannu biyu. Abin da ban yi tsammani ba shi ne yarinyar ta baza labari. Ina waiwayawa na ga matan masallacinmu su biyar, da maƙwabciyata 'yar Kumasi, da abokan teburin babansu su uku da hulunansu, duk sun zo kara. Suka kewaye ni ana ta gaisawa, ana cewa yau ga uwar gwani. Nan take na ji harshena ya yi nauyi.

Aka tashe su. Ban san haka abin yake ba a fili. A kwamfuta kamar suna yawo ne, a nan kuwa iskarsu sai da ta ɗaga min mayafi, tayoyin suna wani irin kuka, suna shan kwanar a kwance har na rufe ido. Na gan shi. Abokansa huɗu a gabansa a jere, shi na biyar, a ɓoye a bayansu, kafaɗunsa a daidaice. Ban taɓa ganinsa a bayan kowa yana hutawa ba sai ranar.

Ƙanwarsa tana ta ƙwala sunansa tana tsalle. Matan nan suna kira, mazan suna kira, har wata Baturiya da ba ta san mu ba ta ji sunan ta kama. Zagaye na farko na ce bari su ɗan yi nisa. Na biyar na ce sai hayaniya ta ragu. Na goma na buɗe baki, sai ɗaya daga cikin abokan babansu ya juyo ya yi min murmushi, na mayar da shi tari.

Yarinyar ta kama hannuna. "Mama, please. Ko guɗa ki yi."

Na ce, "Uwa ta yi wa ɗan fari guɗa a titi? Ke kina da hankali?"

Na faɗa da faɗa, don in ban yi faɗa ba kuka zan yi. Duk zagayen da ya wuce ina kiransa a cikina da ƙarfin da ya isa ya fasa min ƙirji, leɓena ne kawai ya ƙi rabuwa.

Aka kaɗa ƙararrawa, alamar saura zagaye ɗaya. Abokansa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ƙarar da nasa ya kauce, kamar yadda na sha ganin shi yana yi wa wasu. Da suka ɓullo ta can ƙarshen titi saura mutum ɗaya a gabansa, shi ma ya kauce daf da kwanarmu. Ɗana ya shigo kwanar shi ne a gaba. Babu kowa tsakaninsa da layin. Na cika ƙirjina da iska, na ɗaga kai, na buɗe baki har ƙanwarsa ta juyo tana kallona.

Babu abin da ya fito.

Sai na ga ya ɗago kai. Mai tsere ba ya ɗago kai a wurin nan, ko ni na san wannan. Ya juyo da fuskarsa wajen shingen yana nema, daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka, ƙafarsa ta ɗan sassauta. Mutum uku suka wuce shi ta dama. Ya zo na huɗu.

Mutanenmu suka yi ta tafi, su a wurinsu na huɗu ma abin alfahari ne. Muka taka zuwa inda suke tsayawa. Yana zaune a bakin titi, keken a kwance gefensa, abokansa suna dafa bayansa. Da ya hango mu ya miƙe, ya cire hular da tabarau. Idanunsa sun yi ja, na ce a raina gumi ne. Na tsaya jiran ya yi min faɗa irin na yaran ƙasar nan, ya ce me ya sa, ya ɗaga murya a gaban kowa. Wallahi da ya yi da na ji daɗi.

Bai yi ba. Ya tako har gabana, da takalman nan nasu masu ƙwas-ƙwas, ya durƙusa har ƙasa a kan kwalta, ya sunkuyar da kai, ya gaishe ni da Hausar da ban taɓa jin ta fito masa daidai haka ba.

"Sannu da zuwa, Mama. An sha rana. Na gode."

Na ce, "Sannu kai ma."

Ya miƙe ya gaishe da abokan babansu ɗaya bayan ɗaya, hannu biyu. Matan suka yi ta sa albarka. Ɗaya ta ce min, "Hajiya, kin yi tarbiyya. Yaron da aka haifa a nan, ya yi zaman Turai, ya durƙusa miki a titi? Namu ko sannu sai an roƙa."

Yanzu yana horar da matasa a wata jiha mai nisa, can yamma. Yana waya duk Juma'a bayan an sauko, ba ya fashi. Ya tambayi lafiyata, ya tambayi ƙafata, ya tambayi ko akwai abin da nake buƙata, in ce babu, ya ce to a huta lafiya. In ya zo hutu yana gaishe ni daga bakin ƙofar kicin, a durƙushe, idonsa a ƙasa, sannan ya koma falo. Duk abin da na zuba masa yana cinyewa, ba ya cewa ya yi yawa. Ya zama irin ɗan farin da uwata za ta gani ta ce madalla, kuma duk Morrisania da shi ake yi wa yara misali.

Ni kaɗai na san ranar da ya koyi wannan ladabin da wadda ta koya masa, kuma zuciyata ba ta daina ciwo ba. Shekara biyu ke nan ina jira ya sake roƙona wani abu, ko mene ne, ko ruwan sha. Bai sake ba.